Allurar sanyin gaɓɓai: a yi lissafi kafin a sayar da gona

Akwai wani ciwo da ya fi kama mata, kuma daga ƴan yatsu yakan fara. Mace za ta tashi da asuba ta tarar hannuwanta duka biyu sun sandare. Ba ta iya dunƙule su, ba ta iya riƙe taɓarya, igiyar guga ma sai ta suɓuce mata. Sai hantsi ya ɗaga sannan su ɗan saki. Gaɓɓan yatsu da wuyan hannu su kumbura, su yi zafi, dama da hagu lokaci guda. Daga baya ciwon ya sauka ga yatsun ƙafa da gwiwa. A ƙauye mukan ce sanyi ne, ko amosani, mu haɗa shi da ciwon gwiwar tsufa. Alhali ba ɗaya suke ba. Na tsufa gogewar gaɓa ce saboda shekaru da aikin ƙarfi. Wannan kuwa yana iya kama mace mai shekara 30 da goyo a bayanta. A takardar likita, da faransanci, za ku ga an rubuta polyarthrite rhumatoïde. Mu a nan za mu kira shi sanyin gaɓɓai mai kumburi. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum miliyon 18 ne ke fama da shi a duniya, kuma wajen 70 bisa 100 mata ne.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata shawara da muka tarar ana yi a wani gida, bayan an gama shigar da hatsi rumbu. Uwar gidan ta shekara biyu da wannan ciwo. Ɗanta da ke aiki a ƙasar waje ya aiko da saƙon murya ta waya, ya ce akwai wata allura da ake yi wa masu irin ciwonta a can, mutum ya miƙe kamar bai taɓa kwanciya ba. Nan take aka shiga maganar jinginar da gonar fadama da sayar da shanun huɗa. Babu wanda ya san sunan allurar, balle kuɗinta ko sau nawa ake yin ta. Aka ce dai tana da tsada, kuma tsadar ce ta sa kowa ya gaskata ta.

Yaron bai yi ƙarya ba. Allurar tana nan, kuma tana aiki. Amma ra'ayinmu shi ne ita ce ƙofa ta uku, kuma mafi yawan gidajen da ke mafarkinta ba su ko ƙwanƙwasa ta farko ba.

Mene ne ke cin gaɓar?

Jikin mutum yana da dakaru masu tsaronsa daga ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo, dakarun ne ke ruɗewa su afka wa fatar nan mai laushi da ke shimfiɗe cikin gaɓa. Fatar ta kumbura, ta yi kauri, sannu a hankali ta cinye guringuntsi da bakin ƙashi. Abin da ta cinye ba ya dawowa. Shi ya sa yatsun waɗanda suka daɗe da ciwon ke karkacewa, kuma babu allurar da za ta miƙe su, komai tsadarta. Ɓarnar tana farawa ne tun cikin shekara ta farko ko ta biyu. Saboda haka lokaci ya fi kuɗi daraja a nan. Wanda ya je likita cikin watannin farko da ƙwaya mai araha yakan tsira da hannunsa fiye da wanda ya zo bayan shekara goma da miliyoyi.

To, ina watannin nan na farko ke tafiya a wurinmu? Suna tafiya wajen tsaga da ƙaho, da kuma tiren masu tallar magani a kasuwa. A nan ne babban haɗari yake. Ƙwayoyin kashe zafi irin su dikolofenak da ibuforofen suna rage raɗaɗi, amma ba su tsayar da cin gaɓa, kuma in an daɗe ana sha suna ƙona tumbi su lalata ƙoda. Mafi yaudara su ne ƙwayoyin kortizon, irin su deksametazon. Mutum ya sha da dare, da safe ya ji garau, ya ce ya sami magani. Shekara ta zagayo fuska ta kumbura, hawan jini da ciwon suga su shigo, ƙashi ya yi taushi, ido ya yi yana. Likitoci ma suna ba da kortizon, amma kaɗan, na ɗan lokaci, kafin maganin gaske ya kama. Wanda ya daɗe yana shansa kuma kada ya bari rana ɗaya, sai likita ya rage masa a hankali.

Ƙofa ta farko da ta biyu

Maganin da likitocin duniya suka yarda a fara da shi sunansa metotiregzat. Tsohon magani ne, Amurka ta amince da shi ga wannan ciwo tun 1988, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na OMS. Masu allurar nan mai tsada ma, mafi yawansu tare da shi ake haɗa musu. Yana ɗaukar sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa sosai, shi ya sa wasu ke yanke ƙauna su bari tun bai kama ba.

Sai dai ku karanta wannan sau biyu, ku karanta wa wanda bai iya ba. Metotiregzat sau ɗaya ake shansa a sati. Ba kullum ba. An yi mutanen da suka mutu saboda sun sha shi kowace rana kamar sauran ƙwayoyi. A zaɓi rana guda, a ce ranar kasuwar gari, a yi mata alama a kan kwalin. Ana haɗa shi da ƙwayar asid folik don rage illarsa. Ana awon jini lokaci-lokaci don duba hanta da ƙoda da yawan ƙwayoyin jini. Ba a haɗa shi da giya. Ba a haɗa shi da Bactrim, maganin nan da ake ba mu ga zawo da tari kamar goro, domin haɗin yana iya kashe ɓargo. Mai ciki da mai shayarwa ba su shansa ko kaɗan, kuma wadda ke son ɗaukar ciki sai ta gaya wa likita tun da wuri, a canza mata watanni kafin nan.

Ƙa'idar da likitocin gaɓɓai ke bi ita ce: in wata 3 ya cika ba a ga sauƙi ba, ko wata 6 ya cika kumburi bai kwanta ba, sai a ƙara wani abu. A ƙasashe masu kuɗi, a nan ne sukan tsallaka ga allura. Amma akwai wata hanya da ba a cika yi mata talla ba, don babu kamfanin da zai yi arziki da ita. Ita ce haɗa ƙwayoyi uku: metotiregzat, da sulfasalazin, da idorogzikolorokin, wanda ɗan'uwan Nivaquine ne da muka sha a da don zazzaɓin sauro. A shekara ta 2013 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 353 waɗanda metotiregzat shi kaɗai bai ishe su ba. Aka ba rabi haɗin ƙwayoyi uku, rabi kuma allurar etanasaf tare da metotiregzat. Bayan sati 48, haɗin ukun bai kasa allurar ba a wajen kwantar da ciwon. Gaskiya ne allurar ta fi saurin kamawa, kuma haɗiyar ƙwayoyi da yawa kullum tana gundurar mutum. Amma ga gidan da ke lissafin rumbunsa, wannan labari ya fi saƙon wayar nan amfani.

Ita allurar fa?

Likitoci suna kiran waɗannan magunguna biyoterapi. Ba a haɗa su da garin sinadari kamar aspirin. Ƙwayoyin halitta masu rai ake kiwo cikin manyan tukwanen ƙarfe, su ke fitar da maganin, sannan a tace shi. Aikin yana da wuya, masana'antarsa tana cin kuɗi, kuma maganin ba ya jure zafi. In an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar nama, don haka sai ta allura ko ƙarin ruwa.

Asalin abin daga birnin Landan ne. Wasu masana biyu, Ravinder Maini da Marc Feldmann, suka gano cewa cikin masu kai saƙo tsakanin dakarun jiki akwai wani da ake kira TNF, wanda shi ne kamar mai shela: in ya yi kira, sauran duk su taso. A farkon shekarun 1990 suka gwada maganin da ke toshe bakinsa, sai ga marasa lafiya da suka daɗe a kwance suna tashi. Amurka ta amince da etanasaf, mai sunan kasuwa Enbrel, a 1998. Infilikzimab, wato Remicade, ya bi baya a 1999, sai adalimumab, wato Humira, a ƙarshen 2002. Daga baya aka sami waɗanda ke bi ta wata hanya dabam, kamar ritukzimab da tosilizumab. Babu mai musun cewa sun canza rayuwar mutane da yawa. Amma ba su warkar da ciwon, danne shi suke yi. Kuma cikin mutum 10 da aka fara wa mai toshe TNF, wajen 3 ko 4 ba su samun sauƙin da ake nema, sai an canza musu wani.

Yanzu ga kuɗi. A farkon 2023, farashin Humira da kamfani ya rubuta a Amurka ya kusa dala 7,000 ta Amurka a wata, kuɗin allura biyu ke nan. A kuɗinmu ya haura sefa miliyon 4. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga a 2024, jika 42 ne a wata. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya yi fiye da shekara 8 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya allurar wata ɗaya a wancan farashi. A 2022 kaɗai kamfanin ya sayar da Humira na fiye da dala biliyan 21. Ba'amurke ma ba daga aljihunsa yake biya ba, asusun inshora ne ke ɗaukar mafi yawa, kuma ana yin ragi a bayan fage. A Faransa asusun lafiya na ƙasa ke biya. Wannan ne abin da ɗan da ke ƙasar waje bai faɗa ba, wataƙila don shi ma bai lura ba: maƙwabcinsa da ya miƙe bai sayar da saniya ko ɗaya ba.

Farashin nan kuwa ba daga sama ya sauko ba. Yawancinsa kuɗin haƙƙin mallaka ne, wato shekarun da doka ta hana wani kamfani yin irin maganin. Da wa'adin ya ƙare sai aka fara yin makamantansu, waɗanda ake kira biyosimilar. Manomi zai gane wannan da sauri. In ka shuka irin hatsi ɗaya a gona biyu, zangarniyar ba za ta fito daidai ƙwaya da ƙwaya ba, amma iri ɗaya ne, tuwo ɗaya ne. Haka makamantan suke, muddin hukuma mai ƙarfi ta auna su. Kamfanin Celltrion na Koriya ta Kudu ya yi makamancin infilikzimab, Turai ta amince da shi a 2013. Gwamnatin Norwe ta biya kuɗin wani gwaji kan mutum kusan 500, aka canza wa rabinsu daga na asali zuwa makamancin, sakamakon da aka buga a 2017 bai nuna sun fi sauran wahala ba. A Indiya, kamfanin Zydus ya fitar da makamancin adalimumab a ƙarshen 2014 a kan wajen kashi ɗaya cikin biyar na farashin Amurka na lokacin. Makamantan Humira sun shiga Turai a watan Oktoba na 2018, farashi ya faɗi warwas. Amurka kuwa sai a 2023, domin kamfanin ya kewaye maganinsa da takardun mallaka fiye da 100. Saboda haka wanda likita ya rubuta wa allura, tambayarsa ta farko ita ce: akwai makamancinta? Kada ya ji kunya, kuma kada ya yarda a ce masa mai araha na talaka ne. Asibitocin Turai shi suke saye.

Amma ko kashi ɗaya cikin biyar na miliyoyi, ai dubban ɗaruruwa ne. Kuma ba sau ɗaya ba ne.

Zaɓi irin na ƙasar rana

In har an kai ƙofa ta uku, to, zaɓin mutumin Maraɗi ko Tawa ba zai zama irin na mutumin Paris ba. Abu na farko tarin fuka. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar wannan cuta, a jikin da yawa tana kwance ba ta motsi, kuma TNF ɗin nan da ake toshewa yana cikin masu tsare ta a kurkuku. In aka toshe shi sai ta kuɓuce. Tun 2001 likitocin Amurka suka ba da rahoton mutum 70 da tarin fuka ya taso musu bayan infilikzimab, kuma a da yawansu ba a huhu kaɗai ya tsaya ba. A ƙasarmu, inda tarin ke yawo a gidaje, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dole a ɗauki hoton ƙirji, a yi awon fata ko na jini, in an ga alama a fara maganin tarin tukuna. An lura cewa haɗarin ya fi yawa ga infilikzimab da adalimumab, ya ragu ga etanasaf, ya fi raguwa ga ritukzimab. Shi kuma ritukzimab nasa haɗarin yana wajen ciwon hanta iri na B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma: yana iya tayar da shi har hanta ta tsaya. Ke nan awon hanta da na sida ma dole ne. Duk wanda ya ce zai yi muku wannan allura ba tare da waɗannan awo ba, ku tashi ku ba shi wuri.

Na biyu sanyi. Magungunan nan suna son ma'aunin sanyi tsakanin 2 da 8, kuma ba a bari su daskare. Humira yana jure kwana 14 a waje in zafi bai wuce 25 ba. Ina 25 a Damagaram cikin watan Afrilu, sa'ad da inuwa ma ke haura 40? Allurar da aka ɗauko cikin jakar matafiyi, ta kwana biyu a tasha, ta hau bayan mota, za ta iso da kyan kwalinta, amma babu mai iya gaya muku ko akwai sauran magani a ciki. Ga gidan da ba wutar lantarki, alluran da mutum ke yi wa kansa, etanasaf kowane sati ko adalimumab kowane sati biyu, wahala ce. Waɗanda ake sawa ta ƙarin ruwa a asibiti sun fi dacewa: infilikzimab, bayan ukun farko, kowane sati 8 ne. Ritukzimab kuwa ƙarin ruwa biyu ne, tsakaninsu sati biyu, sannan a huta wajen wata 6 ko fiye. Ga manomi wannan yana nufin tafiya birni bayan kaka da kuma kafin shuka.

Na uku shi ne wanda ya fi damunmu, wato ɗorewa. Gona sau ɗaya ake sayar da ita, ciwon kuwa na shekaru ne. In kuɗin ya ƙare a wata na huɗu aka tsaya, ciwon yakan dawo. Yi a bari, yi a bari, yana sa jiki ya koyi ƙin maganin, musamman infilikzimab, har wata rana ya daina aiki. Sai a wayi gari babu gona, babu shanu, hannu kuma yana nan yadda yake, ga bakuna goma suna jiran tuwo. Don haka kafin allura ta farko a zauna da likita a rubuta kuɗin shekara ɗaya cif: magani, awo, mota, masauki, da kwanakin aikin ɗan rakiya. In ba a ga inda kuɗin shekara ta biyu zai fito ba, haɗin ƙwayoyi uku da ake sha ba fashi ya fi allurar da za a yanke.

Kada a ce muna cewa talaka ya haƙura. Akwai waɗanda ƙwayoyi ba za su ishe su ba ko an yi komai daidai, kuma su ma hannunsu hannu ne. A 2019 OMS ta saka adalimumab da ƴan'uwansa cikin jerin muhimman magunguna, ma'ana ba kayan alatu ba ne. Mun ga irin wannan a da. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, magunguna marasa sunan kamfani ne suka ceci asibitocin karkara. Maganin sida ya haura dala 10,000 a shekara, har kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin dala 350 a 2001, farashi ya rushe. Ba a yi wannan da kuɗin gonar kowa ba. Ƙasashe ne suka yi ciniki da yawa a lokaci guda. Abin da muke roƙon hukumomin kiwon lafiya ke nan: su haɗa kai da maƙwabta su sayi makamantan a dunƙule, a ajiye su a manyan asibitoci inda akwai sanyi da awo. Amma kafin wannan, akwai aikin da bai kai shi tsada ba. A tabbatar metotiregzat da sulfasalazin ba su yankewa a kantunan magani na jihohi. A koya wa ma'aikatan asibitin karkara su gane kumburin yatsu na dama da hagu da sandarewar safe mai wuce rabin awa, su tura mutum gaba maimakon su sallame shi da maganin zafi. Ƙwararrun likitocin gaɓɓai kaɗan ne a ƙasar, kuma a manyan birane suke, don haka idon ma'aikacin ƙauye ne zai fara ganin ciwon ko ya rasa shi.

A gidan da muka ba ku labari, da aka bincika sai aka tarar uwar gidan ba ta taɓa shan metotiregzat ba. Shekara biyun nan duk a kan ƙwayoyin tire ta yi su. An sayar da tunkiya biyu, an kai ta birni, an yi awon jini da hoton ƙirji. Likita ya fara rage mata kortizon, ya rubuta mata ƙwayar sati-sati, jikarta mai zuwa lakol ta zana da'ira a kan kwalin ta rubuta Laraba. Yatsunta biyu da suka riga suka karkace ba za su miƙe ba, an gaya mata. Za a koma awo in wata uku ya cika, a nan ne za a san ko ƙwaya ɗaya ta isa ko sai an ƙara biyun. Gonar fadama dai an dasa mata albasa bana.